Ɓarauniyar Ƙofa a Kwamfutar Auta

Tun ranar da Auta ya rasu ba a kashe kwamfutarsa ba. Shi ma da yake raye ba ya kashe ta. Murfin kawai yake rufewa, ya ce aikin bai ƙare ba, gyangyaɗi yake yi. Matarsa, wadda ɗalibanta da iyayensu har da masu shagunan layinsu suke kira Malama, ta gaji wannan hali kamar yadda ta gaji takalmansa a bakin ƙofa da ragowar turarensa a gaban madubi. Tana kula da cajar nan fiye da yadda take kula da cikinta. In aka ɗauke wuta sai ta rufe murfin da sauri, ta zauna tana jira.

Sana'ar Auta haɗa sauti ce: tallace-tallace, karatun littattafai, shirye-shiryen rediyo, wani lokaci da muryar wasu, wani lokaci da tasa. Ranar ƙarshe yana cikin gyara tallan wata katifa da ya karanta da bakinsa, sai ya miƙe ya ce kansa na sara masa, bari ya leƙa kemis ya dawo. Bai adana aikin ba, bai kuma dawo da rai ba. Manhajar tana nan a buɗe yadda ya bar ta, muryarsa a shimfiɗe a fuskar kwamfutar kamar jerin shuɗɗan duwatsu, da ƙananan gibba inda ya yanke numfashinsa. Haka masu sana'ar suke yi. Mai sauraro ba ya son jin mutum yana jan iska tsakanin magana da magana, sai su bi su tsince kowane numfashi su zubar.

Malama ta gano cewa in ta danna maɓallin komawa baya, yankan ƙarshe da ya yi sai ya warware, numfashin ya dawo gurbinsa. Ta ƙara dannawa, wani ya dawo. Har tarin da ya sarƙe shi a tsakiyar "laushi kamar auduga", har 'yar dariyar da ya yi wa kansa lokacin da harshensa ya harɗe. In kuma ta danna na ci gaba, sai ta ga aikin hannunsa yana tafiya, yanka bayan yanka, a jeren da shi ya zaɓa. Kullum ta dawo daga makaranta abin da take yi ke nan, kafin ma ta cire mayafi. Ba ta kuka. Kukan ya ƙare tun makonnin farko, ya bar mata wani abu kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Wata Asabar da hantsi aka buga ƙofa da ƙarfi.

"Matarmu, buɗe. Na san kina ciki, ga labulenki a sake."

Yaya ce, babbar yayar Auta, ma'aikaciyar jinya mai muryar da ke sa majinyaci ya haɗiye magani ko babu ruwa. Ta shigo ba ta zauna ba, ta miƙa wa Malama waya. Saƙon imel ne daga adireshin Auta: "Kalli hotunan nan namu," da wani shuɗin layi a ƙasa na dannawa.

"Jiya da yamma ya shigo," in ji Yaya. "Ina tsaye ina auna jinin wani tsoho, wayata ta yi ƙara, na duba na ga sunan ƙanena. Wallahi sai da tsohon ya kama hannuna ya zaunar da ni, shi da aka turo a keken marasa lafiya. Ke kika aiko?"

"A'a."

"Abokansa ma sun samu. Ɗaya ya kira ni yana salati, ko gaisuwa babu. To in ba ke ba, wa?"

Malama ta juya ta dubi teburin. Kwamfutar tana can, fankarta na huci kamar wadda ta yi gudu.

"Kibiyar tana motsi da kanta," ta ce.

"Wace kibiya?"

"Ta cikin fuskar. Da yamma. Sai ta tashi ta buɗe wannan, ta buɗe wancan. Wani lokaci 'yar fitilar saman nan ta kama."

Yaya ta ajiye jakarta a hankali. "Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Kuma kika yi shiru?"

Malama ta gyara wayar cajar. Ita malamar kimiyya ce, ta san matattu ba sa motsa kibiya. Ranar farko ma ta sani. Amma gidan ya daɗe babu abin da ke motsi a cikinsa in ba ita ta taɓa shi ba, sai ga wani abu ya miƙe da kansa a teburin Auta, ya nufi foldar hotunan bikinsu ya buɗe. Ta ja kujera ta zauna suka kalla tare. Bayan wasu kwanaki ta fara yi masa magana.

Yaya ta miƙa hannu wajen maɓallin kashewa. Malama ta riga ta. Ba ta ɗaga murya ba, tafinta kawai ta ɗora a kai.

"Kada ki kashe, Yaya."

Yaya ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta ce, "To rufe ta, ɗauko cajar. Akwai wata mata da ta gyara mana na asibiti. Bakinta ba daɗi, amma hannunta na da kyau."

Shagon yana saman bene, a jerin masu gyaran waya, ɗan siriri ne kamar lungu. Matattun kwamfutoci a jibge har kusa da silin, ga warin dalma da na shayin da ya huce. Matar da ake kira Injiniya tana zaune a bayan tebur, tabarau a ƙarshen hanci, tana tauna cingam. Ta ɗago ta ga Yaya.

"Mai allura! Yau kuma wa kika kashe?"

"Ke dai bari, wata rana za ki faɗo hannuna. Ga matar ƙanena, shi ya rasu. Kwamfutarsa ce take aika wa mutane saƙo."

Cingam ɗin ya tsaya. "Allah ya jiƙansa. Zauna, 'yar'uwa."

Kafin ta gama ɗaga murfin ta yanko baƙin salatif ta manna a idon kyamarar. Sannan ta kashe hanyar intanet ɗin gaba ɗaya, ta ce ko da wasa kada wani ya kunna. Ta sa Malama ta faɗa mata duk abin da ta gani: kibiyar, fitilar, zafin da take yi ko ba a aiki da ita, datar gida da ke ƙarewa kamar ana zuba ta a rariya.

"Kin sa mata wani sabon abu bayan rasuwarsa?"

"Guda ɗaya. In ya gama aiki share ɗanyen sautin yake yi, wai yana cinye masa wuri. Na so in dawo da su. Na nema a intanet, na sami wata manhaja ta kyauta mai dawo da abin da aka goge."

"Ta ce ki kashe mai gadin kwamfutar tukun, wai zai hana ta aiki."

"E."

"Ta dawo miki da wani abu?"

"A'a."

Injiniya ta gyaɗa kai, ba ta yi mata faɗa ba. "Ba ke kaɗai ba ce. Sun san masu neman irin wannan manhaja ba a cikin natsuwarsu suke ba."

Ta buɗe jerin duk abin da ke aiki a cikin kwamfutar, wanda ake gani da wanda ba a gani, ta bi da yatsa a hankali. Ta tsaya a kan wani.

"Ga shi. Ya ari sunan manhajar gida, amma dubi inda yake kwana: cikin foldar shara. Na gida ba ya kwana a nan. Kuma kin ga wannan layin? Tun da na buɗe yake ta ƙoƙarin kiran wani adireshi a waje, an toshe hanya amma bai haƙura ba. Ɓarauniyar ƙofa ake ce masa. Ke kina kulle ƙofar gaba da kalmar sirri, shi ya fasa tasa ta baya, ya riƙe makullin. Duk lokacin da ya ga dama ya shigo ya zauna a kujerarki."

"Wane ne?" in ji Yaya. "Faɗa min sunansa da unguwarsu."

"Ki je ki yi masa allura? Ba za mu sani ba. Yana iya zama a bayan layin nan, yana iya zama a ƙasar da yanzu dare ne. Wataƙila ma bai san mai ita ya rasu ba. Kalmomin sirri yake nema, da takardu, da mutanen da za su yarda da sunan ƙanenki su danna. Kin danna?"

"Ni? Ni da ko gaisuwar Juma'a aka turo sai na yi mata kallon tuhuma?"

"Madalla. Kira sauran ki ce kada su danna, wanda ya danna ya kawo tasa."

Yaya ta fita baranda tana kira. Injiniya ta ci gaba da tono. Ta nuna wa Malama inda abin ya rubuta kansa cikin masu tashi da zarar an kunna kwamfuta. Ta nuna mata wani umarni da ya ɓoye, mai sake dasa shi in an cire. Ta nuna mata wani sabon mai amfani da aka ƙirƙira a asirce aka ba shi ikon komai. Mai gadin kuwa an rubuta masa cewa kada ya taɓa leƙa wannan folda. Malama tana kallo kamar darasin wani aji da ba nata ba.

Daga nan Injiniya ta buɗe wata folda, ta rufe da sauri.

"Mene ne?"

"Abin da ya tara bai kai ga kwashewa ba. Duk abin da kika rubuta, da hotunan fuskar kwamfutar. Da na kyamara." Ta cire tabarau. "Ba dole ki gani ba."

"Buɗe."

Bidiyo ne gajere. Wata mata zaune a falo, hasken yamma a gefen fuskarta, mayafi ya zame mata zuwa kafaɗa. Tana kallon gaba tana magana a hankali, tana ba da labarin wani ɗalibi da ya fasa kwalba a ɗakin gwaji, da famfon banɗaki da ya fara ɗiga. A ƙarshe ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Ta jira amsa.

Malama ta kalla har ya ƙare. Ta nemi kunya a jikinta ba ta samu ba, ta nemi tsoro shi ma babu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Haka na rame?"

Yaya ta dawo daidai lokacin, ta ga ƙarshen, ta toshe baki da hannu.

"To ki cire shi," in ji Malama. "Ki cire shi ki bar min sauran yadda yake."

Injiniya ta jingina da kujera. "Zan iya cire wanda na gani. Wanda ban gani ba fa? Mutumin da ya daɗe haka da makulli a hannunsa, ba a san tagogi nawa ya sassauta ba. Gyaran da zan sa hannuna a kai guda ɗaya ne: mu kwashe hotuna da sauti da takardu, mu tace su a wata kwamfutar, sannan mu wanke wannan tas mu zuba mata sabon tsari. Ko binciken kirki ma sai na kashe ta na tayar da ita daga filash ɗina, don in yana farke ɓuya yake yi."

"In an kashe, wannan zai rufe." Malama ta nuna manhajar sautin.

"Zan adana miki shi. Zan fitar miki da kala biyu, wanda ya gyara da wanda bai gyara ba."

"Komawa bayan fa?"

Sai da Malama ta nuna mata. Ta danna, numfashi ya dawo. Ta danna, ya tafi. Injiniya ta mayar da tabarau ta duba, ta buɗe saitin manhajar, ta karanta, ta rufe.

"Wannan ba ya adanuwa," ta ce. "A cikin tunanin kwamfutar yake, ba a rubuce ba. Tana rufewa ya tafi."

Malama ta janye yatsanta daga maɓallin.

"To in ban sake haɗa ta da intanet ba fa? In bar ta haka."

"Za ki iya," in ji Injiniya. "Ba zan yi miki ƙarya ba, in babu hanya ba zai shigo ba. Amma abinsa yana ciki yana jira. Kuma taɓa nan ƙasan. Batirin ya fara kumbura. Wata rana kina makaranta za ta mutu da kanta, ba wanda ya adana komai. Taki ce. Abin da kika ce shi zan yi."

"Matarmu," in ji Yaya, muryarta ta sauka yadda Malama ba ta taɓa ji ba, "bari in ɗauka miki a waya. Ki danna, ni in ɗauki bidiyo, kin ga kullum sai ki kalla."

"Ba kallon ba ne, Yaya. Dannawar ce."

Malama ta zauna tana duban baƙin salatif ɗin da ke saman fuskar. Ta yi ƙoƙarin ganin kanta gobe da yamma a falo, ta ja kujera, ta buɗe murfin. Ta san yanzu duk abin da za ta faɗa a gaban wannan fuska ta riga ta faɗa wa wani, wani da wataƙila yana cin abinci yana kallo, ko ma bai kalla ba. Auta bai ji labarin famfon ba. Ba a taɓa jin sa a inda ta aika shi ba. Ta ga matar nan ta bidiyo tana jiran amsa, ta ji ba ta son a sake barin ta ita kaɗai a wannan kujera.

"Ki ba ni abin kunne," ta ce. Sai ta fasa. "A'a, bar shi a lasifika. Yaya ba ta taɓa ji ba."

Ta mayar da aikin baya har farkonsa, ta kunna. Muryar Auta ta cika ɗan shagon, tana yabon katifa da dukan zuciyarta, tana jan iska, tana sarƙewa. Da tarin ya zo, Yaya ta fashe da kuka.

"Ɗan banzan yaro," ta ce tana share hanci. "Sau nawa na ce ka sha maganin tarin nan? Kai ga mai murya!"

Injiniya ta fitar da wannan ta adana a filash. Sannan Malama ta fara danna ci gaba. Ba ta yi sauri ba. Numfashi ya fita, gibi ya rufe. Auta ya tsallake wani ya koma ya cire shi daga baya, kamar yadda yake yi da wanke-wanke, sai ya gama ya ga cokali. Dariyar ce ya bari kusan ƙarshe; da alama ya yi shakkar cire ta. Sai maɓallin ya dusashe, babu sauran gaba. Nan ne Auta ya tashi ya tafi kemis.

Injiniya ta adana wannan ma. Ta kwashe hotuna da takardu da duk sautukan da ke ciki, ta bar duk wata manhaja, ta ce ko ɗaya ba za ta bi su ba. A wayar Yaya suka canza kalmomin sirri, na imel ɗin Auta da farko, sannan na Malama, duk wanda ta taɓa rubutawa a kwamfutar, suka fitar da kowace na'ura da ke cikin asusun in ban da wayar. Injiniya ta sa aka haɗa su da lambar da ke zuwa ta waya, ta ce ko ɓarawon ya san kalmar yanzu sai dai ya tsaya a waje.

"Saura kashewa," ta ce, ta janye hannunta daga teburin.

Malama ta danna da kanta. Kwamfutar ta tambaya ko ta tabbata. Ta ce e. Shuɗɗan duwatsun suka ɓace, fuskar ta yi baƙi, ta ga kanta da Yaya a ciki, da jibgin matattun kwamfutoci a bayansu. Ta jira ta ji wani abu ya tsinke a ƙirjinta. Babu abin da ya tsinke. Yunwa ma ta ɗan ji.

Wankin ya ɗauki lokaci. Injiniya ta canza batirin, ta tace fayilolin a tata kwamfutar, ta sami biyu masu cuta a cikin abin da aka sauke daga intanet ta zubar. Yaya ta sauka ta sayo ruwa da biskit, suka ci suna kallon wani layi yana cika a hankali. Yaya da Injiniya suka yi ta musu a kan wa ya fi wahalar da mutane, mai allura ko mai cewa a dawo gobe. Malama tana jin su kamar daga wani ɗaki.

Can Injiniya ta juyo da kwamfutar gabanta. Fuskar fes take, babu komai sai wani ɗan fili fari da tambaya a samansa: wa zai yi amfani da wannan kwamfuta?

"Wannan ba ni zan cike ba," in ji Injiniya.

Malama ta ɗora yatsunta. Yaya ta kau da kai tana gyara zip ɗin jakarta da babu abin da ya same shi. Malama ta rubuta sunanta, ta yi kuskure a harafi ɗaya, ta goge ta gyara, ta danna.

"Ki bar mai gadin a kunne," in ji Injiniya. "Duk abin da ya ce ki kashe shi, shi ne ɓarawon. In ta nemi sabuntawa ki bar ta. Kuma ki riƙa kashe ta, 'yar'uwa, ita ma tana son hutu."

"To."

Suka sauko benen, Yaya a gaba tana riƙe da ƙarfen gefe. A titi rana ta take, motoci sun cushe, wani direba yana zagin wani ta taga. Yaya ta ce ta zo su tafi gidanta ta kwana biyu, yara ma suna tambayarta. Malama ta gyara riƙon jakar a kafaɗarta.

"Sai gobe, Yaya. Zan zo da kaina. Yanzu dai raka ni shagon can, sabulu ya ƙare a gida."